Motar da Ɓera Bai Shiga Ba

Sharaɗa, Kano
Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Zulfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Abdulbaqi da 'yar jikata Rumaisa. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan da kika sani, da zafin gari da ya hana kowa sakat. Kunnen kuwa yana nan yadda injin masaƙa ya bar mini shi, don haka kada ki sake kirana a waya kina ihu kamar mai korar shanu. Abin da ke bakina zan rubuta, yayarki Shifa'u ta ɗauka da wayarta ta turo miki in ta taso daga aikinta na Bompai. Ke ma ki rubuto, ta nuna mini. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in ya karkace ki miƙar da shi da kanki.

Dalilin takardar shi ne jiya. Kun zo kun ɗauki motar nan taku mai gado da murhu a ciki, wadda ta yi wata huɗu a harabar siton da nake gadi. Wata huɗu ina goge ta, ina korar awaki daga ƙarƙashinta. Mijinki ya gaishe ni ta taga, inji na kunne. Zulfa, ni yayan ubanki ne. Da marigayi yana raye, da an san ana fitowa daga mota a gai da mutum.

Kuma ban manta da watan jiya ba, ranar da ya zo duba ta ya tarar ɓera ya ci kujera ɗaya da wata wayar wuta. A gaban direbobin Dakata da suka zo lodi ya ce, wai ashe Baba mutane kawai kuke tarewa a ƙofa, ɓeraye suna da katin shiga? Suka yi ta dariya har da buga cinya. Har yau in sun shigo sai wani ya tambaye ni ko ɓeraye sun sa hannu a littafi. Shekara ashirin da biyu ina gadi, ko ƙusa ba a taɓa ɗauka a hannuna ba.

Sannan wai ina za ku? Gashaka. Mutum da gidansa a Abuja, ga fanka ga famfo, ya kwashi mace da yarinya 'yar shekara biyar ya nufi daji kallon birai da duwatsu. A zamaninmu yunwa ce take kai mutum irin wannan wuri. Amma ba a shawarce ni ba, ni ma ba zan ce komai ba.

Abu ɗaya za ki tambayar mini shi. Tun da kuka tashi, ya ga ɓera a motar? Ko kashinsa? Ki ce ni na ce a tambaya.

Allah Ya kai ku lafiya.

Baffanki,
Gwadabe


Serti, Jihar Taraba
Litinin

Baffa,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ku, ya jikin, ya gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya ƙalau.

Takardarku ta iso. Na karanta sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina jin kunya. Ku yi haƙuri da gaisuwar taga. Sauri muke mu kai Gombe da ido, amma wannan ba hujja ba ce, na kuma faɗa masa. Na tambaye shi zancen ɓera. Ya ce ko ɗaya bai gani ba, ya ce a gaya wa Baba da alama wa'azi ya yi musu suka tuba. Kun dai san shi da baki, ba da wani nufi yake yi ba.

Baffa, da kun ga hanyar nan da kun janye maganar yunwa. Daga Jalingo duwatsu suka fara biyo mu, bayan Bali kuwa sai suka kewaye mu, shuɗi a bayan shuɗi har inda ido ya gaji. Rumaisa ta raɗa wa motar suna gidanmu mai gudu. Ina dafa shinkafa a ciki muna tsaye a gindin bishiya, mata masu tallan ayaba suna leƙowa suna salati. Zafi dai kamar Kano, tagogi a buɗe muke kwana, raga ce kawai tsakaninmu da sauro.

Gobe za mu shiga gandun dajin Gashaka tare da ma'aikacinsu mai rakiya, kwana uku. An ce babu sabis a ciki, kada ku damu in kun ji shiru. Ranar Juma'a sai mu hau tsaunin Mambila. Wai can ko a wannan watan sai da bargo biyu, ga ruwa ya fara sauka. Amma mun shirya, motar tana da hita mai aiki da gas a ƙarƙashin gadon ƙasa. Ba mu taɓa kunna ta ba. Abban Rumaisa ya nuna mini yadda take, wutar tana ci a cikin akwatinta a rufe, hayaƙin kuma ya fice waje ta wata 'yar ƙofa mai murfi a gefen hagu, bayan tayar baya. Jikarku ta riga ta kama gadon, wai ita ce za ta kwana kan ɗumi, mu mu ji da sanyinmu.

Me za a taho muku da shi? An ce zumarsu tana da kyau.

'Yarku,
Zulfa


Sharaɗa, Kano
Talata

Zulfa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ba na son zuma.

Na sa Shifa'u ta ƙara girman rubutunki wajen da kika yi zancen 'yar ƙofar nan. Gefen hagu kika ce? Bayan tayar baya? Mai murfi zagaye kamar bakin gwangwanin madara?

Ki saurare ni da kyau. Lokacin ina gadi a Challawa akwai abokin aikina Habibu, mutumin Ringim, ƙato ne, yana ɗaga buhun gishiri da hannu ɗaya. Wata shekara da aka yi sanyi ya shiga ɗakin gadi da kaskon gawayi, ya toshe ƙasan ƙofa da buhu don kada iska ta shiga. Ni na je karɓarsa da safe. Na same shi a zaune ya jingina da bango, carbi a hannu, fuskarsa fes kamar mai jin daɗin barci. Bai yi kokawa da komai ba. Ɗakin ko wari babu. Likitan da ya zo ya ce irin wannan hayaƙin ba a ganinsa, ba a jin ƙaurinsa, kai ne kawai zai yi ciwo, jiki ya mutu, mutum ya ce bari in ɗan kishingiɗa.

To, kada ku kunna abin nan. Ko sanyi zai fasa dutse kada ku kunna. Ku sayi bargo a kasuwa, ku sa wa yarinyar riga uku. Ku bar taga a buɗe. Kuma ki ɗauke Rumaisa daga wannan gadon, ta kwana a jikinki.

Kada ki tambaye ni dalili. Na zauna da motar nan wata huɗu, na san ta fiye da yadda mijinki yake zato. Magana ta babba ce, a bi ta kawai. Shifa'u tana karanta duk abin da na rubuta kafin ta tura, ba zan tsawaita ba.

Ki amsa mini da zarar kin gani, ko layi ɗaya ne.

Gwadabe


Serti
Juma'a da safe

Baffa,

Barka da Juma'a. Mun fito lafiya, yanzu takardarku ta shigo. A tsaye nake rubutu, muna shan mai.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, labarin ya taɓa ni. Na karanta wa Abban Rumaisa. Ya ce ku kwantar da hankalinku, wannan ba kasko ba ce, masu ƙera ta sun san da zancen hayaƙi, shi ya sa ma suka yi mata ƙofarsa ta daban. Ya zagaya ya duba murfin a gabana, yana nan lafiya, ko tsatsa babu. Taga kuwa ba za ta buɗu ba in ana ruwa, katifa za ta jiƙe.

Baffa, ni dai na gane. Tun farko ba ku so tafiyar nan ba, ga kuma fushin da bai huce ba. Na yi muku alkawari in mun dawo shi da kansa zai zo har gida ya durƙusa. Amma don Allah ku daina tsorata ni, jiya har na kasa cin abinci saboda wani mafarki, yau kuma ga wannan.

Mun ga birai masu farin gashi kamar limamai, mun ga sawun ɓauna a bakin rafi. Labari sai mun zo. Yanzu za mu kama hanyar dutsen, an ce sabis sai an dace.

Zulfa


Sharaɗa
Juma'a, bayan La'asar

Zulfa,

Ba gaisuwa yau. Ki karanta wannan ki miƙa wa mijinki wayar.

Ni na toshe ƙofar hayaƙin.

Bayan ranar da ya yi mini dariya na rantse ɓera ba zai ƙara shiga motar nan ba. Kwana uku na yi ina bin ta da tocila, sama da ƙasa. Duk inda na ga rami ko raga ko wata kafa da ɗan yatsa zai shiga, na kwance murfin, na cusa soson ƙarfe, na bi da tsumma, na danna da sanda har ya yi nisa, na shafe da gam, na mayar da murfin na goge. Na yi aikin da kyau don kada a ce tsoho ya ɓata mota. Shi ya sa ya duba bai ga komai ba. Ta bayan tayar nan ita ta fi ba ni wahala, don tana da zurfi, na ce lallai nan ce babbar hanyarsu. Na cika ta har wuya.

Wallahi ban san ta hayaƙi ba ce. Ni na ɗauka duk ramin da ke jikin mota sakacin maƙeri ne. Ban faɗa ba don ina jira ya gane da kansa ya zo ya ce Baba sannu da aiki. Ranar Talata kuwa na sani, na kuma ƙi faɗa. Na ba ki labarin Habibu don kada in ba ki nawa. Na ce in na tsawatar za a bi, ba sai an ji cewa maigadi jahili ya yi aika-aika ba.

Babu inda iska za ta shiga motar nan in kun rufe tagogi, babu inda hayaƙi zai fita. Akwati ne. Kada ku kunna. In kun kunna ku kashe, ku fito waje ko ana ruwan ƙanƙara. In yarinyar ta ce kanta na ciwo, ko ta yi amai, ko barci ya kama ta ba lokacinsa ba, ku ɗauke ta ku nemi asibiti, kada ku ce gajiyar hanya ce.

Shifa'u ta karanta. Tana ta kiran layinki da nasa.

Gwadabe


Sharaɗa
Asabar, da Azahar

Zulfa,

Ban san ko kina gani ba. Shifa'u ta ce alama ɗaya ce a jikin takardar jiya, wai ma'anarta ta bar nan amma ba ta isa can ba. Ta ƙi zuwa aiki. Layinku duka biyu matar nan ta kamfanin waya ce take amsawa, wai ba a samunku. Ina rubutawa ne don ban san abin da zan yi ba in na ajiye biro.

Yau da na idar da Asuba na tafi Dakata, garejin manyan motoci. A can akwai masu zuwa Gembu, can saman Mambila, ɗauko katako. Tun jiya da yamma na san nan ya kamata in je. Na zauna ina cewa bari dai saƙon ya shiga, bari a ƙara minti goma. Gaskiyar ita ce ba na son tsayawa a gaban mutanen nan. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har ya rufe mini ido.

Suna shan shayi na same su, har da waɗanda suka yi dariyar. Ɗaya ya hango ni ya ce ga shugaban ɓeraye. Na ce eh, ni ne, ku ba ni hankalinku. Na faɗa musu komai, da ƙarfi, don ni ba na jin muryata. Na ce jikata tana cikin akwatin da na toshe da hannuna, a kan dutsen da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi.

Shugabansu ya ajiye kofi ya fara kira. Wannan ya ba da lambar wancan. Na kwatanta musu motar, fara, mai tsani a baya, lambar Abuja. An samu mutum huɗu a kan hanyar. Uku wayarsu ba ta shiga. Na huɗu sunansa Ibrahim, yana wani gari wai shi Nguroje, ya gama lodi zai gangaro. Ya ce ruwa ake kamar da bakin ƙwarya tun hantsi, gajimare ya sauko har ƙasa, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa taku ashirin. Ya ce zai tafi a hankali yana dubawa. Na ce a tambaye shi ko akwai sanyi. Suka rubuta mini a takarda, wai akwai, mai shiga ƙashi.

Yanzu awa uku ke nan, shi ma ba a samunsa.

Ina zaune a inda motar ta tsaya. Sawun tayoyinta yana nan. Zulfa, in kin ga wannan ki turo ko harafi ɗaya. Ko zagi ne.


Gembu
Lahadi

Baba,

Assalamu alaikum. Abdulbaqi ne. Zulfa ba za ta iya kallon waya ba tukuna, kanta yana sara, amma tana tafiya da ƙafarta. Takardunku biyu sun shigo tare yau da safe.

Rumaisa tana raye. Na fara da wannan.

Ranar Juma'a ba mu hau ba. Wata mota ta lalace ta tare hanya, muka kwana a gindin dutsen a cikin zafi, tsakiyar manyan motocin Kano. Jiya muka hau. Wajen sha biyu ruwa ya hana ni ganin titi, na sauka gefe kan wani tudu, muka rufe ko'ina, na kunna hitar. Muka ci abinci. Rumaisa ta ce kanta na ciwo, ta yi amai, muka ce kwane-kwanen dutse ne. Ta hau gadonta. Na tuna na ce bari in ɗan miƙe kafin ruwan ya tsagaita.

Abin da na sani bayan nan, wani mutum yana jana a cikin taɓo. Ibrahim ya ce ya wuce mu, ya ga fari-fari a madubi, ya tsaya ya dawo da ƙafa. Ya buga ba a amsa ba, ya fasa gilashi da ƙarfen taya. Shi ya ɗauko Rumaisa. Ya juya mota da lodinta ya kawo mu asibiti.

An sa mata robar iska tun jiya. Da hantsin nan ta buɗe ido, ta gane uwarta, ta nemi ruwa. Hannunta na dama bai da ƙarfi sosai. Likita ya ce a ba shi kwana biyu kafin ya ce wani abu.

An jawo motar nan harabar asibiti. Na kwance murfin na zaro abin da wayar ƙarfe. Tsumman shuɗi ne, irin na rigar gadi.

Ba zan yi maganar laifi yanzu ba, nawa ko naku. Ba ni da ƙarfinta. Tambaya ɗaya ce. Akwai tukunyar gas a motar nan, akwai firij mai aiki da ita, kuma a cikinta za mu dawo, kwana uku a hanya. Guda nawa kuka toshe, kuma a ina?

Abdulbaqi


Sharaɗa
Lahadi, da yamma

Abdulbaqi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na yi sujada a kan simintin nan har Shifa'u ta ɗago ni. Allah Ya tashi kafaɗarta, Ya mayar mata da hannunta. Ka ce wa Ibrahim ba ni da bakin gode masa.

Na ga inda ka ce kun kwana cikin motocin Kano ranar Juma'a. Na gane da na je Dakata a daren da na zauna ina jira, da saƙona ya same ku. Ba sai ka faɗa ba.

Goma sha ɗaya ne. Na tabbata, don tsohuwar rigata na yanka gida goma sha ɗaya, ba abin da ya ragu.

Ka riga ka cire ɗaya. Akwai biyu a gefen dama masu raga mai tsawo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, saitin firij. Akwai ɗaya a ƙasan akwatin da tukunyar gas take, sai ka ɗaga tukunyar za ka gani. Biyu a rufi, ƙarƙashin hulunan nan masu kama da naman kaza. Ɗaya a matakalar ƙofa. Ɗaya a banɗaki, bayan madubi. Biyu a ƙarƙashin mota, kusa da tankin ruwa, sai ka kwanta rigingine.

Goma ke nan. Tun da takardarka ta zo nake ƙirgawa, na zana motar a ƙasa da tsinke na zagaya ta ya fi sau ashirin. Goma nake samu. Na san na kwanta a wani wuri na miƙa hannu har kafaɗa, na san na yanke a yatsa, ga tabon. Wurin ne ya ɓace mini.

Saboda haka kada ka kunna komai a motar nan, ko ashana. Kada yarinyar nan ta shiga ko ɗaukar takalminta. Akwai mota da za ta tashi daga Dakata gobe bayan Asuba, sun ba ni wuri a gaba. Na gaya wa mai sito ya nemi wani maigadin, in ya ga dama ya riƙe shi. An ce kwana biyu ne in hanya ta yi kyau. Shifa'u tana ta faɗa saboda gwiwa, na ce ba da gwiwa zan lalubo shi ba.

Kaina ya manta, amma in na kwanta a ƙarƙashin motar hannun zai tuna. Ku jira ni.

Gwadabe